Rabin Faridatu

Tsintsiya uku Maltiti ke cinyewa a wata. Ba laifin tsintsiyar ba ne, layin masu hatsi ne na kasuwar Aboabo, a nan Tamale, ba ya jin shara. Ka share shi yau tas kamar za a shimfiɗa tabarmar salla, gobe ka dawo ka tarar da ƙaiƙayi da leda da ɓawon gyaɗa da kashin awaki kowa ya koma mazauninsa. Shekara ashirin da ɗaya ke nan tana wannan faɗa, tun shekarar da mijinta ya rasu, kuma har yau layin bai taɓa sallama mata ba.

Tana da yadda take aikinta, ba ta son a saka mata baki. Da an idar da sallar asuba za ta fito, ta bi layin daga kai har gindi, ta yi tari uku. Hatsin da ya zube, wannan na masu kaji ne. Ganye da ɓawo na masu awaki. Na ukun shi ne bola ta gaskiya, wadda ba ta da sauran amfani ga kowa, shi take ɗora wa jan tsumma ta danne da dutse. In mai motokin ya zo, wato babur ɗin nan mai bodi da ke kwasar shara, tarin da ya ga jan tsumma a kai shi yake ɗauka. Wanda babu tsumma kuwa, ko ya kai tsayin rumfa, ba ruwansa. Ranar duk da ta manta tsumman, tarin nan zai yini yana wari, mata masu hatsi suna toshe hanci suna kiran sunanta.

'Yar Dagomba ce, haihuwar wani ƙauye a hanyar Savelugu. Iyayenta 'yan uwan juna ne, auren zumunci aka yi musu, abin da babu wanda ya taɓa ganin aibunsa. Dagbanci ta tashi da shi. Hausa kuwa a Aboabo ta tsince ta, a bakin masu goro da masu albasa, har ta zauna mata daram. Turanci dai ko zo in kashe ki ba ta ji. Mijinta Usumanu mutumin Bawku ne, direban babbar mota, mai yawan dariya da ƙarancin zama a gida. Ya bar ta da 'ya ɗaya tak, Faridatu, tana da shekara huɗu.

Wani ciwo ya zo wa Maltiti tana da shekara talatin da uku, kuma ta ƙafa ya shigo. Yatsun ƙafarta ta hagu suka riƙa nannaɗewa suna kama silifas, tana tafiya tana jan ƙafar. Bayan shekara guda hannun hagu ya fara karkarwa. Abin da ya fi ɓata mata suna shi ne ciwon ya san lokaci. Da safe, in ta tashi daga barci, garau take, ta share layi guda ba ta huta ba. Kafin la'asar kuwa ta sandare, tashi daga kujera sai an miƙa mata hannu. To, ka san bakin mutane. Wai ƙarya take, ai da safe mun gan ta tana juya tsintsiya kamar budurwa. Fuskarta ta daskare, murmushi ya daina fitowa, aka ce girman kai. Ta daina durƙusa wa manya in za ta gaishe su, don in ta sauka ba za ta iya tasowa ba, aka ce mai shara ma ta samu wuri. Haba jama'a! Wane girman kai ne ga mai kwashe kashin awaki?

Ba ta yi musu da kowa ba, don ta ga abin da aka yi wa yayanta Yidana. Shi ya riga ta kamuwa, hannu yana rawa tun yana saurayi, gari ya ɗauka wai giya yake sha a ɓoye. Mutumin da salla ba ta taɓa wuce shi ba. Da wannan sunan ya mutu a ƙauye, har a wajen jana'izarsa akwai masu raɗa.

Sai da ta yi shekaru tana yawo tsakanin rubutu da saiwa da hayaƙi kafin wata mai sayar da dawa ta ja ta zuwa asibiti. A can aka ce mata ciwon karkarwa ne, wanda likitoci ke kira Parkinson, aka ba ta wasu ƙananan ƙwayoyi. Allah da iko, suka karɓe ta. In ta sha, jikin ya kan saki na ɗan lokaci, ta koma mutum. Daga baya wasu masu bincike suka zo suna neman waɗanda ciwon ya kama tun da ƙuruciya, suka ɗebi jininta suka tafi da shi. Ta manta da zancen sarai, sai bayan wata takwas aka aiko ta zo.

Likitan da ya kira ta sunansa Kwamina, mutumin kudu ne, daga can bakin teku. Mutumin kirki, wallahi, ba ya tsawa, ba ya kallon agogo. Amma ba ya jin Dagbanci, ita ba ta jin Turanci, mai fassara kuma ta fita ranar. Sai suka haɗu a Hausar kasuwa, irin wadda yake sayen doya da ita, wadda mace da namiji duk "kai" ne.

"Mama," in ji shi, yana ɗaga yatsu biyu, "ciwo nan gado ne. Baba ya ba ka ɗaya. Mama ya ba ka ɗaya. Kai kana da duka."

Ta gyaɗa kai. Yidana ya faɗo mata a rai. Sannan ta yi tambayar da ta kawo ta.

"Likita, 'yata fa?"

Sai ya naɗe yatsa ɗaya, ya bar ɗaya a tsaye, ya yi murmushi har da haƙora.

"Yaro naka rabi ne. Rabi kawai. Ba wahala."

Rabi. Maltiti ta dubi hannunta na hagu yana kaɗawa a kan cinya, ta dubi ƙafarta ta hagu a nannaɗe, ta dubi na dama suna zaune lafiya. Ai ita ta san abin da ake ce wa rabi, da rabi nata ya fara. Wato yarinyar nan rabin jikinta zai tafi, kuma mutumin nan yana murmushi yana cewa ba wahala. Ta yi godiya, don haka aka koya mata, ta lallaɓa ta miƙe. A bakin ƙofa ta tarar da Faridatu, 'yar shekara goma sha shida, tsaye tana riƙe mata da jaka.

"Mma, me ya ce?"

"Ya ce in ci gaba da shan magani."

Daga ranar nan Maltiti ta ƙara wa kanta aiki na biyu, wanda ba a tashi daga gare shi. Gadin hannun hagun Faridatu. In yarinyar tana tankaɗe, idon uwar na kan hannun. In tana ɗaura ɗankwali, in tana miƙa kofi, in tana wanke shinkafa, duk ido na nan. Cokali ya suɓuce mata, abin da ke faruwa da kowa, sai Maltiti ta yini ba ta ci abinci ba. Da safe kafin ta fita shara sai ta duba silifas ɗin yarinyar, ta juya na hagu ta ga ko ya fi na dama cinyewa. Ba ta gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa? Ta faɗa wa mutum ɗaya a Aboabo da hantsi, kafin azahar an ji a Nyanshegu, a rataya wa yarinya sunan da aka rataya wa Yidana.

Sai hani ya fara. Faridatu ta ce tana so ta koyi ɗinki a shagon wata mata a Sakasaka. Uwar ta ce a'a. Me za a yi da telan da hannu zai tsere masa? Wannan a zuci ta faɗa, a fili kuwa cewa ta yi matar ba ta da mutunci. Yarinyar ta ce to za ta riƙa tuyar ƙosai a ƙofar gida. A'a, mai mai zafi ne. Aka ƙare a tebur, tana sayar da man kaɗe a inuwa, inda ko hannu ya kubce babu abin da zai ƙone.

Wanda ya fi ciwo shi ne babur. Kowa ya san Tamale, mace ba ta jiran namiji ya kai ta unguwa. Amarya na kan babur, mai goyo na kan babur, Hajiya mai jikoki ta naɗe mayafi ta murza ta wuce ka. Ƙawar Faridatu, Hawawu, tun suna aji uku na ƙaramar sakandare take tuƙa na yayarta, ta zo har gida ta ce za ta koya mata a filin makaranta. Maltiti ta ce in dai tana numfashi 'yarta ba za ta riƙe kan babur ba. Hawawu ta fita tana ƙunƙuni. Faridatu kuwa ba ta ce uffan ba, kuma wannan shirun ya fi damun uwar, don ta so a ce yarinyar ta yi tsiwa ko sau ɗaya. Haka ta zama budurwa ɗaya tilo a layinsu da ke zuwa ko'ina a ƙasa, ko ta tsaya bakin titi tana tsaida yelo-yelo, keken hayar nan mai ƙafa uku, kamar baƙuwa.

Faridatu na da ashirin da ɗaya Abdul-Hafiz ya fito, wani mai gyaran babura a Sakasaka, mai natsuwa, wanda in ya zo gaisuwa sai ya durƙusa har ƙasa ya jira an amsa masa "Naa" sau uku kafin ya ɗago. Maltiti ta so yaron nan. Ta kuma ji tsoronsa, don ba ta san yadda za ta karɓi goron mutane tana ɓoye musu abin da likita ya faɗa ba. Tana cikin wannan taraddadi sai Faridatu da kanta ta sallame shi. Ya dawo da kawunsa, ta sake sallamarsa. An tambaye ta dalili, ta ce ita dai bai kwanta mata ba. Maltiti ta yi mata faɗa a gaban mutane yadda ya kamata uwa ta yi, ta shiga ɗaki ta sauke ajiyar zuciya. Kunyar wannan ajiyar zuciya ba ta bar ta ba har yau.

Shekara tara aka yi a haka. Maganin da a da yake riƙe ta rabin yini ya koma riƙe ta awa biyu, wani lokacin in ya hau sai jikin ya riƙa murɗawa shi kaɗai ba ta sa shi ba. Layin da take gamawa kafin rana ta fito ya koma kai ta hantsi. Ciwon ya daɗe da tsallakawa dama. Ta gaji. Ba gajiyar tsintsiya ba, wannan barci na maganinta. Ta gaji da jiran abin da ya ƙi zuwa ya kuma ƙi fasawa, har wata rana ta kama kanta tana cewa gara ya zo a huta, ta yi ta istigfari.

Wata Talata cikin damina suka je asibiti karɓar magani. Likita Kwamina ya daɗe da komawa kudu. Wadda ta duba ta ranar wata nas ce, Mashudatu, haihuwar zango, Hausa a bakinta kamar ruwa. Ta gwada mata jini, ta sa ta buɗe tafi ta rufe, ta sa ta taka zuwa ƙofa ta dawo. Maltiti ta tura Faridatu layin karɓar magani. Da ta ga ƙofa ta rufu sai ta matso da kujera.

"'Yata, zan tambaye ki, kada ki ɓoye mini. Rabin nan, yaushe zai fara mata? Ni dai na gaji da jira."

"Wane rabi, Mma?"

Ta ba ta labari, da yatsu biyun, da ɗayan da aka naɗe, da murmushin. Mashudatu ta jawo tsohon fayil ta buɗe, ta karanta wata takarda da ta yi ja don tsufa. Ta daɗe a kai. Da ta ɗago, sai ta ajiye biro.

"Mma, wane aiki kike yi?"

"Shara. Layin masu hatsi."

"To ai ke ce za ki fi kowa ganewa. Jikin mutum ɗakuna ne ƙanana-ƙanana, ido ba ya ganin su. Kowane ɗaki yana aiki, yana tara abin da ya tsufa ya lalace. Akwai wani abu a ciki, likitoci na ce masa parkin, aikinsa ya bi yana sa wa tarkacen alama, don masu kwasa su zo su ɗauke su niƙe."

"Jan tsumma ke nan," in ji Maltiti.

"Me?"

"Ci gaba."

"In babu alama, tarkace ya taru. Ɗakunan da suka fi jin jiki su ne na cikin ƙwaƙwalwa masu kula da motsi, su gaji su mutu da kaɗan-kaɗan. Shi ne ciwonki. Yanzu ki saurara. Mai sa alamar nan gadonsa ake yi, kuma kowa biyu yake da su, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Naki duka biyun ba sa aiki. Faridatu ta karɓi ɗaya daga gare ki, wannan babu makawa. Ɗayan kuwa na babanta ne. Ɗan uwanki ne babanta?"

"Ina! Mutumin Bawku ne. Ko ƙauyenmu bai taɓa takawa ba sai ranar ɗaurin aure."

"To mai shara ɗaya yana iya riƙe layi?"

Maltiti ta dube ta sheƙeƙe.

"Ni kaɗai nake riƙe da nawa shekara ashirin da ɗaya."

"Shi ne rabin da likita yake nufi, Mma. Rabin gadon, ba rabin jiki ba. Ba zan rantse miki ba, gaibu na Allah ne. Amma yawancin masu guda ɗaya har su tsufa su mutu ba sa ganin komai. Albishir ya yi miki, shi ya sa ya yi murmushi."

Ka zaci za ta yi guɗa ko ta fashe da kuka. Ko ɗaya. Fuskar dai ba ta iya nuna komai dama, amma a ciki ma ba murna ta tarar ba. Wata irin gajiya ce ta sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa, irin ta wanda ya ɗauko buhu daga nesa, ya sauke, aka buɗe aka ga yashi ne. Shekara tara tana jin haushin murmushin bawan Allah nan. Ta ce, "Albishir," a hankali, kamar tana gwada kalmar a baki. Ta yi godiya, Mashudatu ta kama ta ta miƙe.

A bakin ƙofa Faridatu na tsaye da ledar magani. Wuri ɗaya, gefe ɗaya da wancan karon, sai dai ta ƙara tsawo.

"Layin maganin ba mutane ne?" in ji uwar.

"Na ji, Mma."

"Me kika ji?"

"Yau duka na ji. Wancan karon ne na ji rabi."

Akwai benci a barandar, Maltiti ta zauna a kai. Ruwa ya fara yayyafi a kan kwano. Faridatu ta zauna kusa da ita, ta ɗora ledar a cinya, tana magana tana kallon ƙasa. Ta ce ƙofar Likita Kwamina ba ta rufu sosai ba ranar. Ta ce da ta ga uwar ta ɓoye, sai ita ma ta ɓoye, don kada ta ƙara mata nauyi. Kullum da safe takan miƙa hannun a banɗaki ta ƙura masa ido, shi ya sa take daɗewa. Ta san ana juya mata silifas. Ta san dalilin ɗinki, ta san dalilin babur.

"Abdul-Hafiz fa?" in ji Maltiti.

"Haba Mma. In kai wa ɗan mutane rabin mace?"

Su duka sun san yaron ya yi aure shekara uku da suka wuce. Yakan wuce ta gaban teburin man kaɗe da matarsa a bayan babur, da ɗansu a kan tanki, ya rage gudu ya gaishe su da ladabi.

Can Maltiti ta ce, "Gobe ki je wajen Hawawu. Ki ce ni na ce ta koya miki."

Faridatu ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba.

"Yanzu, Mma? Ai tsoro nake ji. Na saba da ƙasa."

Uwar ta juyo ta dube ta. Ta so ta ce a yafe mata, amma kalmar ta yi ƙanƙanta, kuma lokacin maganinta ya wuce, harshen ya fara nauyi. Sai ta ce, "Kawo hannun nan."

Faridatu ta zaro hannun hagu daga cikin mayafi, inda ta saba ajiye shi, ta miƙa. Shekara tara Maltiti na gadin hannun nan daga nesa, ba ta taɓa yarda ta riƙe shi ba, don kada ta ji abin da take tsoro. Yanzu ta kama shi da nata biyu masu karkarwa. Hannu ne mai ɗumi, mai taushin man kaɗe, mai ƙarfi. Nan take ya fara rawa, tun daga yatsu har gwiwa, har ledar magani tana ƙara a cinyar yarinyar.

Su biyu suka zuba masa ido. Maltiti ta saki, ya tsaya cak.